Kashi nawa cikin ɗari, amma ɗarin su wa?

Duk shekara idan lokacin rubuta kundin kammala karatu ya kama, ɗalibai kan kawo mini babi na huɗu in duba musu, kuma kusan kullum wuri guda ne ke tsayar da mu. A bara wata ɗaliba ta zo da nata a cikin jakar leda, gefen takardun duk ya naɗe saboda yawan juyawa. Bincikenta a kan gidan sauro ne. Ta bi gida-gida tana yi wa iyaye mata tambayoyi, biyu daga ciki su ne: a birni kike zaune ko a ƙauye, kuma jiya da dare kin kwana cikin gidan sauro ko ba ki kwana ba. Ta zuba amsoshin a kwamfuta, manhajar SPSS ta fitar mata da jadawali, ita kuma ta rubuta a ƙarƙashinsa cewa mafi yawan matan da ba sa kwana cikin gidan sauro mutanen ƙauye ne, saboda haka matsalar a ƙauye take.

Na tambaye ta, cikin dukkan matan da ta zanta da su, nawa ne 'yan ƙauye. Ta duba ta ce kusan uku bisa huɗu. Na ce to ta dubi ɗaya ɓangaren, na waɗanda suke kwana cikin gidan sauron. Ta ɗora yatsa a kan takardar, ta bi lambobin a hankali, ta yi jim, sannan ta ɗago ta ce, "Malam, ashe su ma 'yan ƙauyen ne suka fi yawa."

Lissafinta daidai yake, kwamfuta ma ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Abin da take son sani shi ne, cikin matan ƙauye kashi nawa ne ba sa kwana cikin gidan sauro, a gwada da kason da aka samu cikin matan birni. Abin da ta kwafo kuwa amsar wata tambaya ce dabam: cikin marasa kwana a gidan sauro, kashi nawa ne 'yan ƙauye. Kalmomin kusan ɗaya ne, an dai juya su, amma tsakanin ma'anoninsu akwai tafiya mai nisa. Wannan juyin yana damuna ƙwarai, domin ina ganin sa a kundin ɗalibai, a rahoton ƙungiyoyi, a kanun labarai, kuma a kan irin waɗannan lambobi ake yanke shawarar inda za a kai magani da inda za a gina aji.

Amsoshin irin wannan bincike ba abin aunawa ba ne kamar tsawo ko nauyi. Rukuni-rukuni ne: mace ko namiji, birni ko ƙauye, e ko a'a, firamare ko sakandare ko Islamiyya. Ba yadda za ka haɗa birni da ƙauye ka raba biyu ka ce ga matsakaici. Iyakar abin da za ka yi shi ne ka ƙirga mutum nawa suka faɗa kowane rukuni. Idan tambaya ɗaya ce, jeri ɗaya ya isa. Idan kana son ganin yadda tambaya biyu suke tafiya tare, sai ka zana abu kamar filin dara: amsoshin tambaya ta farko a layukan kwance, na ta biyu a layukan tsaye, kowane mutum ya faɗa gurbi ɗaya tak, inda layinsa na kwance ya gicciye na tsaye. A gefen dama da can ƙasa sai a rubuta jimilla. Masanin ƙididdiga na Ingila, Karl Pearson, shi ya raɗa wa wannan tsari sunansa na Turanci, contingency table, a 1904. Ni a aji jadawalin gicciye nake ce masa, kuma ɗalibai suna ganewa nan take.

Adadin da ke cikin gurbi shi kaɗai bai cika faɗin komai ba idan rukunan ba girmansu ɗaya ba. Duk wanda ya saba cefane ya san ba a gwada farashin tiya da na mudu sai an san abin da kowanne ke ci. Shi ya sa ake mayar da adadi zuwa kaso cikin ɗari, don a auna kowa da ma'auni ɗaya. To a nan gizo ke saƙar, domin kowane gurbi yana da kaso uku, dukkansu halal a lissafi. Kana iya raba adadin da jimillar layinsa na kwance, ko da jimillar layinsa na tsaye, ko da jimillar mutanen gaba ɗaya. Manhaja za ta ba ka duka ukun idan ka latsa, ta jera su ɗaya bisa ɗaya a cikin gurbi guda, ba kuma za ta gaya maka wanne ne ya amsa tambayarka ba.

Misalin da na fi so in koyar da shi na gaske ne, kuma lambobi huɗu ne kacal. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu likitocin Birtaniya sun lura kansar huhu tana ƙaruwa fiye da kima, ba a kuma san dalili ba. Masana biyu, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka shirya bincike a asibitoci 20 na Landan. Daga Afrilun 1948 zuwa Oktoban 1949, ma'aikatan jin daɗin marasa lafiya suka riƙa bin gadaje da takardar tambayoyi. Duk mai kansar huhu da aka zanta da shi, sai a nemo wani majinyacin da ke fama da wata cuta dabam, jinsinsu ɗaya, shekarunsu kusa da juna, a yi masa tambayoyi iri ɗaya, ciki har da na shan taba. Shi kansa Doll da farko ya fi zargin kwaltar da ake shimfiɗa wa tituna da hayaƙin motoci, kuma a lokacin yana shan taba. Tun bai gama binciken ba ya daina.

Kafin su ƙirga kowa sai da suka tsayar da ma'anar mashayin taba: wanda ya taɓa shan aƙalla kara ɗaya a rana har tsawon shekara guda. Wannan mataki ɗalibai da yawa suna tsallake shi, alhali idan iyakar rukuni ba ta fito fili ba, mutum ɗaya zai iya dacewa da gurbi biyu, ko ya rasa inda zai shiga. Ga abin da suka samu a ɓangaren maza, kamar yadda ya fito a mujallar likitocin Birtaniya a Satumban 1950:

| | Masu kansar huhu | Masu wata cuta | Jimilla |
|---|---|---|---|
| Mashaya taba | 647 | 622 | 1,269 |
| Marasa sha | 2 | 27 | 29 |
| Jimilla | 649 | 649 | 1,298 |

Mu fara da layukan tsaye. Cikin masu kansa 649, mashaya 647 ne, wato kashi 99.7 cikin ɗari. Wanda ya tsaya a nan zai buga kanun labari cewa kusan duk mai kansar huhu mashayin taba ne, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai idan ya waiwaya layin da ke kusa zai tarar cikin masu wata cuta ma kashi 95.8 mashaya ne, saboda a Landan ta wancan zamani namijin da ba ya shan taba sai an tona. Wannan shi ne ainihin ramin da ɗalibata ta faɗa. Kaso guda, komai girmansa, ba ya nuna alaƙa sai an ajiye shi kusa da ɗan'uwansa.

Da aka ajiye su tare, 99.7 da 95.8, wani zai ce ai tazarar ba ta kai kashi 4 ba, abin bai taka kara ya karya ba. Ku sauko layi na biyu ku ga yadda lambobin nan dai suke sauya fuska. Marasa shan taba kashi 0.3 ne cikin masu kansa, kashi 4.2 cikin sauran majinyata. Ko a faɗe shi da hanyar da ta fi shiga kunne: a ɓangaren masu wata cuta, duk mutum ɗaya da ba ya sha akwai mashaya kusan 23 a gefensa, a ɓangaren masu kansa kuwa duk mutum ɗaya da ba ya sha akwai mashaya fiye da 323. Ninki 14 ke nan. Labarin duka yana ɓoye ne a cikin ƙaramin gurbin nan mai lamba 2, wanda ido ke saurin wucewa.

Akwai wata hanya ta ganin nauyin wannan 2 ɗin. Marasa sha 29 ne gaba ɗaya, rukunan biyu kuma girmansu ɗaya. Da a ce babu abin da ya haɗa taba da cutar, da an sa ran su rabu kusan daidai, 14 ko 15 a kowane gefe. Sai ga shi sun rabu 2 da 27. Gwada abin da aka gani da abin da aka sa ran gani idan babu alaƙa, shi ne tushen gwajin nan da ɗalibai ke kira kai-sikwaya, wanda Pearson ɗin dai ya fito da shi a 1900. Ina takaicin yadda ake haddace shi kamar karatun allo ba tare da an taɓa nuna wa yaro cewa tambaya ce mai sauƙi: shin wannan rabo zai iya faruwa da katari kawai?

Yanzu mu juya zuwa layukan kwance, inda haɗarin ya fi girma. Mashaya 1,269 ne, 647 daga cikinsu suna da kansa, wato kusan kashi 51. Marasa sha 29, biyu suna da ita, kusan kashi 7. Zuciya za ta so ta ce rabin masu shan taba suna kamuwa da kansar huhu. Wannan magana ba ta da tushe ko kaɗan, kodayake rabawar daidai take. Masu binciken ne da hannunsu suka zaɓi masu kansa 649 suka haɗa su da marasa ita 649. Rabin mutanen jadawalin masu kansa ne tun kafin a yi wa kowa tambaya. Da sun ga dama sun ɗauko majinyata biyu masu wata cuta ga kowane mai kansa ɗaya, da wannan 51 ɗin ya faɗo ƙasa sosai ba tare da komai ya sauya a huhun kowa ba. Don haka yadda aka tattaro mutanen shi ke yanke hukuncin ɓangaren da ya halatta a raba. Jimillar da mai bincike ya ƙayyade da kansa, ita ce ɗarin da zai auna da ita.

Kaso na uku, wanda ake rabawa da 1,298, zai ce kusan rabin mutanen mashaya ne masu kansa. A wannan bincike ba shi da wani amfani. Wurin aikinsa shi ne inda aka ɗebo mutane daga al'umma ba tare da zaɓe ba, ana son sanin, misali, kashi nawa na dukkan iyaye mata ne suke zaune a ƙauye kuma ba su da gidan sauro, don a san yawan da za a saya.

Doll da Hill sun san iyakar jadawalinsu, shi ya sa a 1951 suka sake lale. Suka aika wa likitocin Birtaniya takardar tambaya kan shan tabarsu, kimanin 40,000 suka amsa, sannan aka zauna ana bibiyar abin da ke kashe su. A wannan tsari rukunin mashaya da na marasa sha su ne aka fara da su, cutar ta zo daga baya, saboda haka ya halatta a ce cikin mashaya kaza, kaza ne suka mutu da ita. Sakamakon farko ya fito a 1954, aka ci gaba da bin likitocin har 2001.

Wani abu da suka yi tun a rahoton 1950 shi ne ba su cakuɗa maza da mata ba. Mata 60 ne masu kansa, aka haɗa su da 60 masu wata cuta. Marasa sha 19 ne a rukunin farko, 32 a na biyu, wato kashi 31.7 da 53.3. Alƙiblar ɗaya ce da ta maza, amma lambobin sun yi nisa da juna, domin shan taba bai yaɗu cikin mata kamar maza ba. Ware su ya ba mai karatu damar ganin cewa alaƙar tana nan a kowane ɓangare. Akwai lokacin da warewar ke nuna akasin abin da haɗakar ta nuna, kuma babu inda wannan ya fito fili kamar Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka.

A kakar ɗaukar ɗaliban manyan digiri ta 1973, maza 8,442 suka nemi gurbi aka ɗauki kusan kashi 44, mata 4,321 suka nema aka ɗauki kusan kashi 35. A nan an raba ta ɓangaren da ya dace, mutanen suna da yawa, tazarar kuma ta fi ƙarfin katari. Duk mai adalci da ya ga wannan zai ce ana danne mata. Peter Bickel da Eugene Hammel da William O'Connell suka bi takardun sashe-sashe, tunda kowane sashe shi ke ɗaukar ɗalibansa, suka wallafa abin da suka gani a mujallar Science a 1975. A cikin manyan sassa shida da aka fi kawo misali da su, huɗu sun ɗauki mata da kaso mafi girma fiye da maza. A sashen da ya fi sauƙin shiga, maza 825 suka nema aka ɗauki kashi 62, mata 108 suka nema aka ɗauki kashi 82. A wanda ya fi tsauri, maza 373 aka ɗauki kashi 6, mata 341 aka ɗauki kashi 7.

To ta yaya mata suka zo a baya a jimilla? Amsar tana cikin inda kowa ya kai takardarsa. A waɗannan sassa shida maza 2,691 ne suka nema, fiye da rabinsu, 1,385, suka nufi sassa biyu masu faɗin ƙofa. Mata 1,835 ne, amma 133 kawai suka nufi can, sauran suka yi cincirindo a sassan da ke mayar da yawancin masu nema, mace ko namiji. Da aka zuba kowa a tukunya ɗaya sai tsaurin sashe ya fito da kamannin bambancin jinsi. Masana suna danganta wannan juyi da sunan Edward Simpson, wanda ya yi rubutu a kansa a 1951, duk da cewa Udny Yule ya riga shi lura da shi tun 1903.

Ban yarda da masu kawo wannan labari don su ce ashe babu matsala ba. Su kansu masu binciken sun nuna cewa tarbiyya da karatun baya ne suka riƙa karkatar da mata zuwa fannonin da suka fi cunkoso kuma suka fi ƙarancin kuɗi. Jadawalin da aka ware ya ɗauke zargi daga kan kwamitin ɗaukar ɗalibai, ya mayar da tambayar baya, zuwa wurin da yarinya take zaɓen fanni tun tana ƙarama. Wannan ma abin a bincika ne, kuma ya fi wancan wuyar gyara. Haka nan idan bincike ya nuna matan da suka yi boko sun fi haihuwa a asibiti, kafin a ce karatun ne sanadi, ya kamata a ware birni dabam, ƙauye dabam, a gani ko tazarar tana nan. Mai yiwuwa nisan asibiti ne ke magana da muryar makaranta, mai yiwuwa kuma dukkansu biyun suna da hannu.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma suna ɓata aiki. Waɗanda suka ce "ban sani ba" ko suka ƙi amsawa mutane ne, a ba su layinsu, domin share su a ɓoye yana rage ɗarin ya kumbura sauran kason. Tambayar da aka yarda mutum ya zaɓi amsa fiye da ɗaya, kamar inda yake samun labarai, kasonta zai haura 100, sai a faɗa wa mai karatu. Ƙuri'ar jin ra'ayi da ake yi a Facebook kuwa, ɗarinta masu waya ne da data da suka ga dama suka latsa, komai kyan jadawalin da aka zana mata.

Wanda ya fi waɗannan yawan faruwa shi ne kaso a kan mutane ƙalilan. Kashi 75 yana da kwarjini a kan takarda, amma idan mutum 3 ne cikin 4, mutum ɗaya ya sauya baki ya koma 50. A nan ina jinjina wa tsarin Binciken Al'umma da Lafiya na Najeriya, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa, kuma Nijar ma ta yi irinsa a 2012. A na 2018 an zanta da mata 41,821 masu shekara 15 zuwa 49, amma duk da wannan yawa, idan aka rarraba su jiha-jiha da rukuni-rukuni, wani gurbin mutane kaɗan ke saura a ciki. Ƙa'idarsu ita ce, kason da aka gina a kan mutum 25 zuwa 49 ana sa shi cikin baka biyu, wato ( ), don a yi hattara da shi, wanda bai kai 25 ba kuwa ba a buga shi sam, sai a sa alamar tauraro a gurbinsa. Suna kuma daidaita nauyin lambobin, saboda ana ɗebo mutane daga ƙananan jihohi fiye da kasonsu na ainihi don a samu isassun da za a yi magana a kansu, sannan a mayar da kowace jiha gwargwadon girmanta kafin a fitar da lissafin ƙasa.

Jadawalan rahoton galibi tsarinsu ɗaya ne. A hagu an jera rukunan mutane: shekaru, birni ko ƙauye, shiyya, jiha, matakin karatu, ƙarfin arzikin gida. A tsakiya kason kowane rukuni ne, an raba shi a kwance. A can ƙarshen dama akwai siririn layi na tsaye da ke faɗin yawan matan da aka gina kowane kaso a kansu. Yawancin masu ɗauko lambobi daga rahoton ba sa kaiwa wannan layin. Ni daga kansa nake fara karanta kowane shafi, in taho daga dama zuwa hagu kamar mai karatun ajami.